Inda Baba Ya Yi Sallah Yana Duban Faɗuwar Rana

Mahaifina, Allah ya jiƙansa da rahama, yana cikin 'yan Boma, wato sojojin da aka kai ƙasar Boma a Yaƙin Duniya na Biyu, amma ba mai ba da labarin yaƙi ba ne. Sauran tsoffin sojan unguwarmu in suka haɗu a dakali bayan la'asar, sai ka ji ana ta zancen kurmi da sauro da ruwan saman da ba ya ɗaukewa. Shi kuwa sai ya yi shiru yana jan carbi. In an matsa masa, magana ɗaya gare shi: "Mu dai an kai mu inda muka yi sallah muna duban faɗuwar rana." Daga nan ba ya ƙarawa. Ina yaro na ɗauka wani laifi yake nufi, wani abin da aka tilasta musu, har nakan ji nauyi in ya faɗe ta a gaban baƙi.

Na girma na zama malamin labarin ƙasa, shekara 33 ina riƙe da alli kafin na yi ritaya. A watan Oktoban bara ɗan ƙanwata da ke aiki a jihar Maryland ta Amurka ya aiko mini da tikiti, ya ce in je in ga jikokina in huta. Hutun bai karɓe ni ba, don wanda ya saba da hayaniyar aji zaman shiru cuta ne a gare shi. Da ya lura, sai wani dare ya buɗe mini kwamfuta ya nuna mini tarin taswirorin David Rumsey da ke Jami'ar Stanford, waɗanda aka ɗora a intanet kyauta. Ya ce, "Kawu, ga gonarka nan, sai ka yi ta noma." Ai kuwa na kwana uku a ciki. A dare na uku ne na ci karo da wasu taswirori guda 6 da suka tsayar da ni.

Sunansu NavWarMap. Rundunar sojan ruwan Amurka ce ta fitar da su a 1944, ta hannun sashen ilmantarwa na ofishin da ke kula da ma'aikatanta. Ta farko Bahar Rum ce, ta biyu yankin Tekun Kudancin Sin, ta uku Tekun Arewa da ke tsakanin Ingila da Turai, ta huɗu arewacin Fasifik, ta biyar kudu maso yammacinsa, ta shida kuma duniya ce baki ɗaya. Ba taswirar tuƙi ba ce, matuƙin da ya bi ta sai ya hau dutse. An yi su ne don a kafa a bango, saurayin da aka ɗauko daga gona ya tsaya a gabansu ya san inda yake a doron ƙasa da dalilin da ya kai shi can. Na ce wa yaron nan ina son in ga takardar da idona, in taɓa ta. Stanford tana can California, tafiyar awa biyar ko shida a jirgin sama. Ya yi ta bincike da buge-bugen waya har ya gano wani shagon tsofaffin taswirori da kayan jirgin ruwa a birnin Norfolk na jihar Virginia, mai shagon ya ce yana da biyu daga cikin shidan.

Ranar Asabar muna idar da sallar asuba muka kama hanya. Maiɗakinsa ta haɗa mana shayi a fulas da dambun nama da lemo a leda. Muka bi babbar hanya mai lamba 95, muka ratsa gefen Washington gari bai gama wayewa ba, muka miƙe kudu. Lokacin kaka ne a can, ganyen itatuwa ya koma ja da rawaya da ruwan goro, kamar an shanya atamfofi a kan daji. Wajen Richmond muka karkata gabas a kan hanya mai lamba 64. Ban da tsayawa shan mai sau ɗaya, babu abin ba da labari sai da muka iso bakin ruwa a Hampton.

A nan hanya ta hau gada a kan teku, ta yi tafiya, sannan ta nutse ƙarƙashin ruwa gaba ɗaya, ta sake ɓullowa a wancan ɓangare. An yi haka ne don manyan jiragen yaƙi su riƙa wucewa ta sama ba gadar da za ta tare su. Ana aikin faɗaɗa ramin, saboda haka muka daɗe a cunkoso, ni kuwa hakan ya yi mini daidai. Ta hagu ɗan ƙanwata ya nuna mini tsohuwar ganuwar Fort Monroe, a wani tsinin ƙasa da ake kira Old Point Comfort, inda a watan Agustan 1619 wani jirgi ya sauke mutum ashirin da 'yan kai da aka kamo daga yankin Angola. Na yi musu addu'a a zuciyata. Da muka fito daga ramin sai ga sansanin sojan ruwa na Norfolk, wanda babu kamarsa a girma a duniya, jirage masu ɗaukar jiragen sama sun jeru toka-toka kamar duwatsu a cikin hazo. Mutumin da ya girma a inda babban ruwansa Tiga ne, dole ya yi shiru.

Shagon ƙarami ne, yana warin tsohuwar takarda da man goge tagulla. Mai shi dattijo ne fari, gashinsa fari fat, ya ce shi ma ya yi aikin sojan ruwa yana saurayi. Ya sa muka wanke hannu muka tsane, sannan ya jawo wata faffaɗar durowa mai kama da ta masu zanen gini. Mu biyu muka kama takardar, shi gefe ni gefe, muka shimfiɗa ta a tebur ya danne kusurwoyinta da ƙananan jakunkunan yashi. Tsawonta a kwance ya kai mita ɗaya da rabi, a tsaye kimanin mita ɗaya. Abin da na gani a kwamfuta kamar hoton kati, ga shi ya cinye tebur.

Ta uku ce, ta Tekun Arewa. Abin da ya fara bugun idona launi ne. Shekara 80 ke nan, ba kaɗan ba, amma shuɗin tekun bai mutu ba. Kibiyoyi manya-manya, wasu kaurinsu ya kai yatsu biyu, sun taso daga Ingila sun nufi Turai, hanyar ayarin jiragen kaya ta bi ta arewa ta zagaya saman Norway zuwa Rasha, ga ƙananan zanen jiragen ruwa da na sama, ga gajerun bayanai a warwatse inda abin ya faru. Na sunkuya sosai har gilashina ya kusa taɓa ta. A layin ninki takardar ta yi laushi kamar tsohon ƙyalle, a mahaɗar ninki biyu ta ɗan huje. A kusurwa ta sama akwai huda uku kusa da juna, kowace da zoben tsatsa kewaye da ita. Wato sau uku aka kafa ta da ƙusa aka cire. Na ɗora ɗan yatsana a kan tsatsar. Wani ne ya tsaya a kan kujera ya kafa ta, wasu suka taru a bayansa suna kallo, kuma Allah kaɗai ya san nawa ne a cikinsu suka koma gida.

Na bi layin farautar Bismarck da ido, babban jirgin yaƙin Jamus. Labarin na san shi tun ina ɗalibi. Ranar 24 ga Mayu 1941, a mashigin da ke tsakanin Iceland da Greenland, ya harbi Hood, jirgin da Ingila ke taƙama da shi, ya nutse cikin 'yan mintuna. Mutum 1,418 ne a cikinsa, 3 suka tsira. Ingila ta tattaro duk abin da take da shi a teku ta bi sawu, wani ƙaramin jirgin sama ya sake masa nakiyar ruwa ta lalata abin juya akalarsa, ranar 27 ga wata aka gama da shi, mutum fiye da 2,000 suka tafi tare da shi. A takarda duk wannan layi ne mai lanƙwasa, kyakkyawa. Haka ma hanyar nan ta Rasha. Wanda ya san tarihi ya san cewa a kanta ne a watan Yulin 1942 ayarin PQ 17 ya rasa jiragen kaya 24 daga cikin 35, a ruwan da mutum ba ya daɗewa a cikinsa sanyi ya kashe shi.

Ba zan ɓoye ba, taswirar nan akwai farfaganda a cikinta. An zana ta ne don yaro ya kalla ya ji cewa ɓangarensa ne ke da rinjaye, kibiyarsu ta fi kauri, ta fi haske. Amma a matsayina na malami sai da na sara wa waɗanda suka yi ta. Na ja da baya har bangon shagon, wajen taku bakwai, na ga har yanzu ina iya karanta labarin: daga ina aka taso, ina aka nufa, wa ya kewaye wa. Wanda ya tsara ta ya san aji, ya san akwai na kujerar baya. Ni da na shekara da shekaru ina zana Afirka da alli a allo saboda taswirar bangon makaranta ta yage ba a sake saye ba, na san darajar abin da ke gabana.

Dattijon ya ga yadda na nutsu sai ya jawo kujera ya zauna. Ya ce in tuna su waye aka yi wa. Lokacin da Japan ta kai hari Pearl Harbor a Disambar 1941 sojan ruwan Amurka ba su kai 400,000 ba, kafin yaƙi ya ƙare sun haura miliyan 3. Da yawansu samari ne 'yan shekara 18 ko 19, wasu daga jihohin tsakiyar ƙasa, ba su taɓa ganin teku ba sai ranar da aka sa su a jirgi. Ya ce mahaifinsa ɗaya ne daga cikinsu. Kuma a lokacin ƙasar gaba ɗaya ta koma ajin labarin ƙasa: ranar 23 ga Fabrairu 1942 Shugaba Roosevelt ya yi jawabi a rediyo, tun kafin ranar aka roƙi jama'a kowa ya nemi taswirar duniya ya shimfiɗa a gabansa, don ya riƙa bin sunayen wuraren da zai ambata. Sojan ƙasa ma suna da tasu mai suna Newsmap, wadda ake fitarwa mako-mako. Waɗannan shidan na sojan ruwa kuwa, a cewarsa, a ɗakunan karatu da na cin abinci da barikokin horo ake kafa su, inda matasa ke zama in sun tashi daga aiki.

Sannan muka naɗe ta, muka shimfiɗa ta shida. Duniya ce duka, da layukan da suka fita daga Amurka ta gabas da ta yamma suka ratsa tekuna. Taken da ke kanta ma'anarsa ita ce yaƙin nan na duniya ne gaba ɗaya. Ban san lokacin da idona ya gangara Afirka ba. Najeriya ga ta nan, faɗinta bai kai yatsu uku ba. Na ɗora yatsa a gaɓar Ikko, na ja shi kudu a hankali, na zagaya ƙarshen nahiyar, na hau arewa maso gabas cikin Tekun Indiya har Bombai. Daga nan na tsallaka Indiya zuwa gaɓar Boma. Hannuna ya soma rawa.

Ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, lafiya?"

Na ce, "Hanyar kakanka ce."

Sau ɗaya tak Baba ya buɗe mini wannan labari, a ciwonsa na ajali, wani dare da barci ya ƙi zuwa ina yi masa fifita. Ya ce a 1942 dagaci ya tara samarin ƙauye ya ce sarki na neman mutane, shi ke nan ya shiga. Aka yi musu horo, aka sa shi a Bataliya ta 4 ta sojan Najeriya, cikin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma. Da daminar 1943 aka loda su a jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga nan sai jirgin ruwa. Ba wanda ya gaya musu inda za su. Wasu na cewa Masar, wasu na cewa Ingila, wani kofur ya rantse Habasha za a koma. Kwana uku na farko amai kawai suke yi. Sabulu ya ƙi kumfa a ruwan gishiri. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne, ana tsakiyar damina a lissafinsa, lokacin da gero ke kai gwiwa a gida, sai sanyi ya sauko musu irin wanda ya fi na hunturu, suka isa wani gari mai dutse shimfiɗaɗɗe a samansa kamar tebur. Cape Town ke nan, a watan Yuli, tsakiyar sanyin kudancin duniya. Babu wanda ya yi masa bayanin haka. Ya rasu bai san dalili ba, ni kuma da na sani, a daren nan ban katse shi ba.

Fiye da wata guda suka yi a ruwa kafin Bombai. Daga baya aka shigar da su kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan, inda babu hanyar mota, suka sare kurmi da adda suka fitar da hanyar jif mai mil 75 wadda aka sa wa sunan Afirka ta Yamma. Abincinsu daga sama ake jefo shi da laima. Kaya kuwa a ka ake ɗauka da gammo, kamar yadda aka saba a gida, kuma wannan ne ya sa suka iya shiga inda mota da alfadari suka kasa. A Janairun 1945 su da 'yan'uwansu na Runduna ta 82 suka haɗu suka karɓe garin Myohaung.

Na faɗa wa dattijon wannan a taƙaice, da Turancina na aji. Ya yi shiru, sannan ya ce shekara 40 yana sayar da taswirorin yaƙin nan, bai taɓa jin cewa 'yan Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a Boma ba. Bai faɗa da raini ba, kunya ce a fuskarsa. Na ce masa ko a gida ma yaranmu ba su sani ba, alhali sunayen suna gabansu kullum. Barikin Myohaung a Yaba, Arakan a Apapa, Kalapanzin a Kaduna, Letmauk a Ibadan, Chindit a Zariya. Mutum zai wuce ƙofar barikin a kan babur shekara ashirin bai san sunan wani kogi ko ƙauye ne a Boma inda kakansa ya zub da jini ba. Na kuma nuna masa Kano a inda ya kamata ta kasance, na ce tun daga 1940 jiragen yaƙin da ake haɗawa a Takoradi, a Ghana ta yau, ta nan suke bi, su sha mai a Kano da Maiduguri, su wuce Fort Lamy (N'Djamena ta yau) da Khartoum zuwa Masar. Ya ɗauko fensir ya rubuta sunayen a bayan wata ambulan, yana tambayata harafi-harafi.

Dole in yi adalci a nan. Ɓoye wa soja inda jirgi ya nufa ba a kan baƙar fata kaɗai aka yi shi ba, saurayin Amurka ma sau da yawa bai san tashar da za su ba sai sun isa, saboda tsoron jiragen ƙarƙashin teku. Bambancin shi ne, shi an ɗauke shi a matsayin wanda ya cancanci a nuna masa duniya. An kashe kuɗi, an tara masu zane da masana, an buga masa takarda mai launi don ya fahimci yaƙin da zai iya cin ransa. Baba kuwa, a iya abin da ya faɗa mini, an ba shi bindiga da adda da lamba, an koya masa dama da hagu, amma ba wanda ya taɓa shimfiɗa masa takarda ya ce ga garinku, ga inda muke, ga inda za mu. Wannan abu ya tsaya mini a maƙogwaro a shagon nan, kuma har yanzu bai wuce ba.

Na tambayi kuɗinta. Abin da ya faɗa ya fi ƙarfina nesa, kuma ban ga laifinsa ba, irinsu da suka rage ba su da yawa, tunda takarda ce da aka yi don a kafa a cire a yar. Ya ba ni dama na ɗauki hotuna yadda nake so, ya rako mu har bakin ƙofa, ya ce kada mu bar garin ba mu hau tsohon jirgin yaƙin nan Wisconsin ba.

Jirgin yana ɗaure a tsakiyar gari, a bakin kogin Elizabeth, jikin gidan tarihin Nauticus. Kana tafiya a titi tsakanin benaye sai kawai ka ga hancinsa ya tokare sama a ƙarshen layi. Tsawonsa ƙafa 887, wato wajen mita 270. An sake shi a ruwa ranar 7 ga Disamba 1943, ya fara aiki a Afrilun 1944, shekarar da aka buga taswirorin nan. Igwa 9 gare shi manya, faɗin bakin kowace inci 16, tana jefa harsashin da ya fi tan ɗaya nauyi zuwa nisan da ya haura kilomita 35. Daɓen samansa katako ne, na cire takalmi ɗaya na taka don in ji shi, rana ta ɗumama shi kamar dandamalin masallaci.

Igwogin ba su ne suka dame ni ba. Ciki na nema. Muka sauka ta wani tsani mai tsayin tsiya, ina riƙe da ƙarfe hannu biyu, muka shiga inda babu taga ko ɗaya. Gadaje hawa-hawa, tsakanin na ƙasa da na sama mutum ba zai iya zama ba sai dai ya mirgina ya shiga. Wani tsohon soja da ke yi wa baƙi jagora ya ce a lokacin yaƙin mutanen da ke cikinsa sun kusa 3,000, kuma da yawansu, masu aikin injin da tukunyar tururi da ɗakin harsashi, sukan yi kwanaki ba su ga rana ba. A ɗakin cin abinci na tsaya ina duban bangon ƙarfe. A nan na fahimci abin da ban fahimta ba a shago. Yaron da ke cikin wannan akwati, a tsakiyar Fasifik, a Disambar 1944 lokacin da guguwa ta afka wa rundunarsu ta kifar da ƙananan jirage 3 da mutum kusan 800, ba shi da gabas ba shi da yamma. In akwai takarda irin waccan a bango, ita ce tagarsa.

Da muka fito azahar ta yi nisa. Akwai fili mai ciyawa a gefen jirgin, bakin ruwa, muka yi alwala da ruwan gora muka shimfiɗa darduma don mu yi ƙasaru. Yaron nan ya ciro waya ya duba alƙibla, kibiyar ta nuna arewa maso gabas. Bayan mun sallame sai ya ce, "Kawu, shekara 9 ina ƙasar nan ina bin abin da waya da masallaci suka nuna, amma raina bai taɓa kwanciya ba. A taswira Makka tana ƙasa da mu, kudu maso gabas. Yaya muke duban arewa?"

Na ce ya miƙo mini lemo ɗaya daga ledar. Na ɗauki cibiyarsa a matsayin ƙarshen arewacin duniya. Da biro na ɗiga Norfolk a digiri 37 arewa da tsakiyar duniya, na juya lemon na ɗiga Makka a digiri 21. Na zaro zare daga bakin dardumar, na danne kansa a ɗigo na farko da babban yatsa, na ja shi ya miƙe tsam zuwa na biyu. Zaren da kansa ya haura sama ta kafaɗar lemon kafin ya gangaro. Na ce, "Ka gani? Takarda shimfiɗaɗɗa ce, duniya kuwa dunƙulalliya. Duk taswirar da aka shimfiɗa sai ta yi ƙarya a wani wuri, ko waccan da muka gani ɗazu." Ya karɓi lemon yana jujjuya shi, yana sake jan zaren da kansa.

Ina kallonsa sai maganar Baba ta faɗo mini gaba ɗayanta. A daren nan ya ce a jirgi limamin bataliyarsu kullum da safe sai ya je ya tambayi wani ma'aikacin jirgin ina Makka take, ya dawo ya gyara sahu. Da suka bar Ikko gabas suke duba kamar a gida. A hankali sahu ya riƙa juyawa, har a garin nan mai sanyi suka koma suna duban arewa. Da suka tsallaka babban ruwa na biyu sai ga shi rana tana fitowa ta bayansu. A nan ne, in ji shi, ya san an wuce da su gaba da Makka, kuma hankalinsa ya tashi fiye da ranar da ya fara jin harbi, don bai taɓa zaton akwai ƙasa a bayanta ba. Na karɓi lemon na ƙara ɗigo uku, Kano, Cape Town, Kaladan. Garin Paletwa da ke kan kogin Kaladan yana kan digiri 21 ne, layi ɗaya da Makka. Wanda ya tsaya sallah a can, faɗuwar rana zai duba, da ɗan karkata zuwa arewa. Mutumin da ba a nuna wa taswira ba ya auna rabin duniya da goshinsa, sau biyar a yini, kuma lissafinsa bai kuskure ba. Na gaya wa jikansa haka, muryata na sarƙewa. Muka daɗe a zaune ba mai magana, jiragen ruwa ƙanana suna wucewa a gabanmu.

Dare ya yi sosai kafin mu koma Maryland. Kwana biyu kafin in taso, ya sauke hoton taswira ta shida daga tarin Rumsey, ya kai wani shagon buga takardu aka fitar mini da ita da girmanta, aka naɗe a cikin bututun kwali. Da ita na hau jirgi a hannu, ban yarda ta shiga cikin kaya ba.

Yanzu tana zauren gidana a Kano. Da jan fensir na ja layi daga Ikko, ya zagaya Cape Town, ya hau Bombai, ya ƙare a gaɓar Arakan, kuma a kowane zango na zana 'yar ƙaramar kibiya mai nuna inda sahu ya fuskanta. Yaran unguwa sukan leƙo bayan makarantar allo, in na ga sun tsaya sai in ɗauko sanda. Ranar Juma'ar da ta wuce ƙanwata, uwar yaron, ta zo gaishe ni. Ta tsaya a gaban takardar da mayafinta a kafaɗa, ta ce, "Yaya, ina ne gida a nan?" Na nuna mata. Ta ce, "Makka fa?" Na nuna mata. Ta ɗora yatsa a kan jan layin ta bi shi a hankali har ƙarshensa, ta dawo ta sake auna tazarar da ke tsakanin Kano da Makka da ɗan yatsa biyu.

Ta ce, "Ashe duk wannan nisan Baba ya yi, kuma bai samu zuwa Hajji ba."

Na ce mata haka ne. Ta gyara mayafinta, ta ɗaga hannu, muka karanta masa Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya.